Yadda Ake Auna Yawan Jama'ar Ƙagaggiyar Duniya da Ma'aunin Tsakiyar Zamani

Duk wanda ya saba karanta labaran yaƙi da jarumta, ko yake rubuta su, ya san cewa adadi ba shi da tsada a kan takarda. Sarki zai fito da dakaru dubu ɗari biyar daga birni guda, sannan jarumi ya bar ƙofar wannan birnin ya yi tafiyar kwana arba'in bai hangi ko hayaƙin bukka ba. Mai karatu yakan karɓi dodanni da tsafi da takobi mai magana, domin tun shafin farko ya san irin labarin da ya ɗauka, amma hankalinsa ba ya kwanciya da birnin da ba a san inda tuwonsa yake fitowa ba. Abin da zan nuna a nan shi ne hanyar da marubuci zai bi ya gane ko yawan mutanen da ya zuba a ƙasar da ya ƙaga zai tsaya idan aka gwada shi da abin da aka sani na tsakiyar zamani, wato daga wajen shekarar 500 zuwa 1500 ta miladiyya. Zan fi jingina da Ingila da Faransa, saboda takardun harajinsu da na gandayensu sun tsira da yawa, har ana iya yin lissafi da su.

Don kada maganar ta tsaya a sama, bari mu ɗauki masarauta guda ta misali mu tafi da ita har ƙarshe. Marubucinta ya ce tsawonta tafiyar kwana 20 ce a ƙafa, faɗinta kuma kwana 12. Ya ce jama'arta 600,000 ne, babban birninta yana da mutum 200,000, sarkinta kuma yana iya tara runduna ta mutum 100,000. Noman alkama da sha'ir ake yi a cikinta, da shanun huɗa da keken shanu.

Mataki na farko shi ne ka san girman ƙasar da awo. Yawancin marubuta ba su da taswira mai sikeli, kwanakin tafiyar da suka rubuta a cikin labari su ne kawai abin riƙonsu, kuma waɗannan sun isa. Ka ɗauki zangon mai tafiya a ƙafa a matsayin kilomita 25 a yini, na ayari mai kaya ka rage masa, na rundunar da ke jan kekunan shanu ka ƙara ragewa. A wannan lissafi masarautarmu tana da kilomita 500 a tsawo da 300 a faɗi, wato murabba'in kilomita 150,000. Ta ɗara Ingila kaɗan, wadda take da kusan 130,000.

Mataki na biyu, ka raba yawan mutane da girman ƙasa, sannan ka ajiye abin da ya fito kusa da ƙasashen da suka taɓa wanzuwa. A misalinmu mutum 4 ne ke faɗa wa kowane murabba'in kilomita. To, me tarihi ya nuna? A shekarar 1086 Sarki Wiliyam, wanda ya ci Ingila da yaƙi shekaru 20 kafin nan, ya sa aka ƙididdige ƙasar don sanin harajinta, abin da aka tattara a kundin da ake kira Domesday. Daga wannan kundi masana suka kiyasta jama'ar Ingila tsakanin miliyan ɗaya da rabi zuwa miliyan biyu, wato mutum 12 zuwa 15 a murabba'in kilomita. Zuwa shekarar 1300 sun kai miliyan huɗu da rabi zuwa shida, wato mutum 35 zuwa 45. Faransa ta yi ƙidayar murhu a 1328, inda aka lissafa gidaje bisa murhun da ake girki a kai, kuma abin da ya fito ya nuna masarauta mai mutum miliyan 16 zuwa 17, wadda cunkosonta ya yi kusa da na Ingila. A ɗaya gefen akwai Norwe, ƙasar duwatsu da sanyi, wadda jama'arta a wannan lokaci ba su wuce rabin miliyan ba a ƙasar da ta zarce murabba'in kilomita 300,000, wato ƙasa da mutum 2. Saboda haka mutum 4 na masarautarmu adadi ne da ya taɓa faruwa, sai dai adadin ƙasar duwatsu ko bakin hamada ne. Idan marubucin ya siffanta ta da koren filaye da koguna da kasuwanni masu ci, siffar da adadin sun riga sun saɓa.

Mataki na uku shi ne ka ware ƙasar da ake nomawa daga wadda ba a nomawa, domin mutane ba sa bazuwa daidai wa daida kamar an watsa iri. Ka dubi taswirarka ka cire duwatsu, da kurmi, da dausayin da ruwa ba ya janyewa, da faƙo, da makiyaya. Ko a Ingila ta 1300, lokacin da yunwar ƙasa ta sa aka sare dazuzzuka aka janye ruwa daga fadamu, abin da garma ke shiga bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasar ba. Bari mu ba masarautarmu kashi 30 cikin 100, wato murabba'in kilomita 45,000, ko kuma hekta miliyan huɗu da rabi.

Mataki na huɗu shi ne zuciyar aikin duka, kuma a nan nake roƙon marubuci ya zauna da alƙalami da haƙuri, domin duk sauran adadin da ke cikin littafinsa daga nan suke samun gindin zama. Tambayar ita ce, baki nawa wannan ƙasar noma za ta ciyar?

Da farko ka cire gonar da ake bari ta huta. Manoman Turai na wancan zamani ba su da takin zamani, takin dabbobinsu kuma ba ya isa, don haka sukan raba filayensu uku su bar kashi ɗaya ba shuka kowace shekara, a wasu wuraren ma rabi suke bari. Hekta miliyan huɗu da rabi ta koma miliyan uku da ake shukawa. Bayan haka ka cire iri. Wannan abu ne da zai iya ba manomin gero mamaki, tun da shi 'yan mudu kaɗan yake shukawa ya cika rumbu, amma alkama watsa ta ake yi, kuma littattafan gandayen bishop, wato babban limamin coci, na Winchester a Ingila, waɗanda aka fara rubutawa tun farkon ƙarni na 13, sun nuna cewa wanda ya watsa mudu ɗaya na alkama mudu uku zuwa huɗu yake girbewa a shekarar da ta yi daidai. Ma'ana, kusan rubu'in amfanin gona ba na ci ba ne, na komawa ƙasa ne baɗi. Idan hekta ta ba da wajen kilo 700, abin da zai rage bayan an ajiye iri bai wuce kilo 500 da 'yan kai ba. Ka ninka kilo 500 sau hekta miliyan uku, ka sami tan miliyan ɗaya da rabi. Daga nan ka sake cire kashi ɗaya cikin uku don dawaki da shanun huɗa, da abin da ɓera da ƙwaro da danshi za su lalata a rumbu. Saura tan miliyan ɗaya. Mutum guda, idan aka haɗa babba da yaro aka raba, ka ware masa buhu biyu da rabi mai cin kilo 100 a shekara, wato kilo 250. Masarautar za ta iya ciyar da mutum miliyan huɗu, kusan 27 a murabba'in kilomita.

Daga wannan dogon lissafi akwai gajeriyar ƙa'ida da za ka riƙe, cewa a irin wannan noma kusan hekta guda ta ƙasar noma ce ke riƙe da mutum guda. Na yarda da ita saboda ta yi daidai da abin da ake gani a Ingila ta 1300, inda hektocin noma da kawunan mutane suka yi kusan kai ɗaya. Yanzu mun san cewa masarautar da aka ce tana da mutum 600,000 tana da ƙarfin ɗaukar ninkinsu shida da wani abu. Wannan ba laifi ba ne a karan kansa, amma bashi ne a kan marubucin, dole ya faɗi abin da ya hana mutane cika ƙasar.

Mataki na biyar, ka tabbatar da irin abincin da mutanenka ke ci, domin ƙa'idar hekta guda ta alkamar da ruwan sama ke shayarwa ce kawai. Shinkafar fadama tana ciyar da ninkin haka sau da yawa, kuma ita ce ta taimaka wa ƙasar Sin ta zarce mutum miliyan 100 a wajen shekarar 1100, bayan da fadar daular Song mai mulkin ƙasar ta yaɗa wani irin shinkafa mai saurin nuna daga ƙasar Champa, da ke cikin Vietnam ta yau, a 1012. Kwarin Nilu a Masar, inda a wancan zamani ambaliya ke zuba sabuwar laka kowace shekara, ya tara jama'a masu yawa a ɗan siririn fili, hamada kuma fayau a gefensa biyu. Makiyayan filayen Mongoliya, su da ke rayuwa kan nono da nama, suna bukatar fili mai faɗi ƙwarai, har yau ƙasar ba ta wuce kusan mutum 2 a murabba'in kilomita ba. Akwai kuma kuskuren da na sha gani, na sanya dankalin Turawa da masara a tukunyar duniyar da aka kwaikwayo daga tsohuwar Turai. Waɗannan daga nahiyar Amurka suka fito, ba su isa Turai ba sai bayan 1492. Marubuci yana da ikon ba wa duniyarsa dankali, amma ya san cewa ya sauya lissafin gaba ɗaya, domin dankali ne ya kai tsibirin Ayalan mutum sama da miliyan 8 a ƙidayar 1841, kusan 100 a murabba'in kilomita.

Mataki na shida gajere ne, amma shi mai karatu ya fi saurin gani. Ka mayar da adadin zuwa ƙauyuka. Kundin Domesday ya ambaci wurare sama da 13,000, wato kusan mazauni guda a kowane murabba'in kilomita 10, tsakanin wannan da wancan tafiyar ƙasa da awa guda. Masanan shari'ar Ingila na ƙarni na 13 sun ɗauka cewa sabuwar kasuwa tana cutar da tsohuwa idan tazararsu ba ta kai mil shida da kashi biyu cikin uku ba, kusan kilomita 11, gwargwadon abin da mutum zai je, ya ci kasuwa, ya dawo gida a yini guda. Idan masarautarmu tana da miliyan huɗu, kashi 90 cikin 100 nasu a karkara, kowane ƙauye da mutum 250, to akwai ƙauyuka 14,400. A irin wannan ƙasa jarumi ba zai yi yini guda bai gamu da mai kiwo ko mai zuwa rijiya ba.

Mataki na bakwai shi ne birane, kuma nan ne yawancin ƙagaggun duniyoyi ke rushewa. Tun da manomi rarar da yake samu kaɗan ce, sai manoma takwas ko tara sun yi noma kafin mutum guda ya iya zama a birni yana ƙira ko jima ko karatu. Landan a wajen 1300 tana da kimanin mutum 80,000 a ƙasa mai kusan miliyan biyar, wato ba ta kai kashi 2 cikin 100 ba, garuruwan da ke biye da ita kuma kowanne bai kai kashi ɗaya cikin ukunta ba. Paris, wadda ƙidayar 1328 ta ba ta murhu 61,098, tana da wajen mutum 200,000, amma a bayanta akwai miliyan 16 da filayen alkama mafi albarka a Turai. Babban birnin masarautarmu girman Paris aka ba shi a ƙasa mai mutum 600,000. Hakan na nufin kowane mutum biyu na karkara, da tsoho da jariri a ciki, su ke ciyar da ɗan birni guda. Ba mai yiwuwa ba ne.

Ko da hatsin yana nan, sai ka tambayi kanka yadda zai iso. Mutum 200,000 suna cin tan 50,000 a shekara, kusan tan 137 a kowace rana. Idan jaki yana ɗaukar kilo 70 a mangala, jakai kusan 2,000 ne za su riƙa shiga ƙofar birnin kullum, rani da damina, ban da masu itacen girki da ciyawar dabbobi. Dabbar da ke ɗauke da hatsi ita ma ci take yi a hanya, don haka idan tafiya ta yi nisa kayan ba sa biyan kuɗin ɗaukarsu. Wannan ne ya sa manyan biranen wancan zamani suke kan ruwa. Landan tana kan kogin Tems, Paris kan Sen, Bagadaza kan Dijla tare da magudanan ban ruwa kewaye da ita. Rum ta kai wajen mutum miliyan ɗaya a zamanin ƙarfinta saboda jiragen ruwa suna kawo mata alkama daga Masar da Arewacin Afirka, da wannan hanya ta yanke kuma sai ta koma 'yan dubun goma suna zaune cikin kangwayen manyan gine-gine. Saboda haka ka ɗora yatsa kan kowane birni a taswirarka ka nemi koginsa ko gaɓar tekunsa. Wanda ba shi da ko ɗaya, ka rage shi, ko ka ba shi abin da zai sa a jure wahalar kai masa abinci. Matafiyin nan ɗan Maroko, Ibn Baɗuɗa, ya ratsa Tagaza a 1352, ya tarar da ƙauyen da ba ya noma komai a tsakiyar Sahara, mutanensa suna rayuwa kan dabinon da ake kawowa daga arewa da geron da ake kawowa daga kudu, saboda gishirin da suke haƙa. Gishiri ya riƙe ƙauye a hamada, amma bai mai da shi birnin dubu ɗari ba.

A nan ma akwai abin lura game da ganuwa. Faɗin ganuwa ba ya nuna yawan mutanen cikinta. Ganuwar Kano ta kewaye gonaki da filaye masu yawa tare da gidaje, don a sami abin ci idan an yi wa birnin ƙawanya, kuma Barth, Bajamushen da ya zo a 1851, ya kiyasta mazaunanta 30,000, waɗanda kan ninka a lokacin da fatake suka cika gari. Wannan birni ne da sunansa ya kai Tarabulus da Alƙahira. Marubuci bai bukatar rabin miliyan kafin birninsa ya yi kwarjini.

Mataki na takwas, runduna. A ƙasar manoma duk wanda ya ɗauki mashi ya ajiye fartanya ne, kuma shi ya sa yaƙe-yaƙe ke bin lokacin noma. A yaƙin Hastings na 1066, wanda ya sauya sarautar Ingila, ana kiyasta kowane ɓangare da wajen mutum 7,000. Sarki Edward na Ɗaya ya tara kusan 30,000 don yaƙar Sukotlan a 1298, ɗaya daga cikin manyan rundunonin da Ingila ta taɓa haɗawa a wancan zamani, duk da haka ba su kai kashi 1 cikin 100 na jama'arta ba. Ka riƙe kashi 1 cikin 100 a matsayin iyakar abin da za a fitar zuwa nesa a ciyar tsawon watanni, ka ƙara a kai idan tsaron gida ne na 'yan kwanaki. A cikin mutum 600,000 mazan da suka isa ɗaukar makami ba za su wuce 150,000 ba, don haka rundunar 100,000 ta kwashe biyu cikin ukunsu, kuma wanda duk ya ci yaƙin yunwa zai tarar a gida. Makiyaya ne suka fita daga wannan ƙa'ida, domin mata da yara suna iya riƙe garke, kowane namiji kuma mahayi ne tun ƙuruciya. Da haka Jengis Khan, sarkin makiyayan Mongoliya, ya fitar da mahaya wajen 100,000 daga al'umma ƙarama. Idan kana son babbar runduna daga jama'a kaɗan, sai ka ba su dawaki da tantuna, ka kuma haƙura da manyan birane.

Mataki na tara shi ne ka tsayar da lokacin da labarinka ke faruwa a cikin tarihin ƙasar, domin ƙasa guda tana iya cika ta kuma zube cikin shekaru ɗari. Turai ta sha babbar yunwa daga 1315 zuwa 1317 sakamakon ruwan sama da ya ƙi tsayawa ya ruɓar da amfani, sannan annobar da ake kira Baƙar Mutuwa ta biyo baya daga 1347 zuwa 1351 ta kashe tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin jama'a. Harajin kai da aka karɓa a Ingila a 1377 ya nuna ƙasar ta dawo wajen miliyan biyu da rabi, kuma ba ta sake kai adadinta na 1300 ba sai a ƙarni na 17. Ƙasar da ta shiga irin wannan hali tana da alamomi da ya kamata a gani a labari: kufai a gefen hanya, gonakin da daji ya cinye, wuraren ibada da suka fi masu zuwa girma, ladan ƙwadago da ya tashi saboda hannu ya yi ƙaranci, da masu gandu suna rigima kan manoma. A ganina babu hujjar da ta fi wannan kyau ga marubucin da ke son faɗin ƙasa da ƙarancin mutane, domin tana ba shi labari a kan labari.

Sai bayan duk wannan ne za ka shigo da tsafi da dodanni, kuma tambaya uku kawai za ka yi musu: shin suna ƙara amfanin gona, suna rage cuta, ko suna sauƙaƙa ɗaukar kaya? Bokan da ke jefa wuta a fagen fama bai sauya yawan jama'a da komai ba. Wanda ke saukar da ruwa a shekarar fari, ko yake tsayar da zazzaɓin da ke ɗauke yara, ya sauya shi sosai, kuma idan irinsa suna da yawa ya kamata ƙasar ta cika fiye da Faransa ta 1328, har a fara faɗa kan gonaki. Dodanni kuwa aikinsu akasin haka ne. Idan suna hana kwana a wajen ganuwa, ƙananan ƙauyuka za su ɓace, mutane su taru a garuruwa masu katanga, noma kuma ya tsaya iya inda manomi zai je ya dawo kafin magariba, wato da'ira mai faɗin 'yan kilomita kewaye da kowane gari. Sai ka auna hektocin wannan da'ira ka yi musu lissafin mataki na huɗu, abin da ya fito shi ne girman garin.

Marubucin masarautarmu yanzu yana da hanya uku a gabansa. Yana iya barin taswirarsa yadda take ya ɗaga jama'a zuwa miliyan uku ko huɗu, ya sauke babban birni zuwa mutum 60,000 ko 80,000 a bakin kogin da jirage ke shiga, rundunar sarki kuma ta tsaya tsakanin 30,000 da 40,000. Yana iya riƙe 600,000 ɗinsa ya tsuke ƙasar zuwa murabba'in kilomita 22,500, wato tafiyar kwana shida kowace fuska, da birni mai mutum 10,000 zuwa 15,000 da runduna ta 6,000. Ko kuma ya riƙe faɗin ƙasar da ƙarancin mutanen duka, ya rubuta annobar da ta wuce shekaru 50 kafin babi na farko, ya bar ganuwar da aka gina wa mutum 80,000 tana kewaye da 15,000, sauran unguwannin kuma ana shuka sha'ir a tsakar gidajensu.